Ƙashin da Inna Ta So Ta Miƙe

A unguwarmu a Illela, in mace ta haihu, kafin labari ya kai ga dangin miji ya riga ya kai ga Inna. Inna mahaifiyata ce, aikinta kuwa wankan jarirai. Ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibiya. Nata yana farawa ne bayan an gama wannan duka, lokacin da za a miƙo mata jariri jajur, a dunƙule yadda ya kwanta a ciki, ƙafafu a lanƙwashe, ita kuma ta mayar da shi mutum. Haka take faɗa da bakinta, kuma ban taɓa jin wanda ya musa mata ba.

Wanda bai taɓa ganin wankan Inna ba zai ce ƙari nake yi. Za ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafu cikin babban baho, ta kwantar da jariri a kan ƙwaurinta. Ga ruwa da zafinsa, ga sabulun salo, ga soso mai laushi. In ta gama cuɗa sai ta jiƙa tsumma ta bi gaɓa-gaɓa tana gasawa, ta danna goshi, ta ja karan hanci, ta haɗa hannuwan ta baya har su taɓa juna, ta ja ƙafafun ta haɗe gwiwoyi. Daga nan sai abin da ke sa sababbin masu jego su kau da kai. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta girgiza, ta ɗaga da ɗayan, ta kama ƙafafun ta juya shi kai ƙasa, sannan ta sa tafi ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ɗaya a ƙeya, ta ɗaga shi da kai kaɗai, jikin yana reto. Wannan na wuya ne, in ji ta, don kada yaro ya tashi kansa a nutse cikin kafaɗu. Ta ƙarasa da cilla shi sama ta cafe. Jariri zai tsala ihu, a shafe shi da man kaɗe, ya yi barcin da ko ganga ba ta tashinsa.

Daga Tozai ake zuwa wajenta, daga Gidan Katta, har daga Ƙwanni ta hayin iyaka. Ko lokacin da aka rufe iyakar, sai ka ga tsohuwa ta sauko daga kabu-kabu ta hanyar gonaki da jika a goye, ta ce ƙafarsa ta yi baka, an ce a kawo wa Inna. Ranar kasuwa in muna tafe, takan nuna wani ƙaton ɗan canji ko mai dakon albasa ta ce, "Dubi ƙahwahun wancan. Ni nim miƙe su." Ni kuwa da ƙaramin yatsan ƙafata ya karkace, takan ce wannan ba hannunta ba ne, uwarta ce ta wanke ni.

Gaskiya ta faɗa, don ni ce 'yarta ta fari. A wajenmu ɗan fari na kaka ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ta rugawa ta ɗauka. Har yau "ke" Inna take ce mini. Ban taɓa jin haushin haka ba, don na tashi na ga ana yi wa kowa. Na kawo maganar ne don a san irin kunyar da ta ɗaure mini baki lokacin da tawa 'yar farin ta zo.

Aure ya kai ni Sakkwato. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, irin mutanen nan da ko hankici sai an goge musu, mai sanyin hali, wanda tun daga nesa yake cire takalmi in ya hango Inna. Da cikin ya tsufa aka mayar da ni gida Illela haihuwa, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Naƙudar ta zo da gardama, sai da aka kai ni asibiti, ma'aikatan suna ta cewa kan ne babba. Allah Ya sauke ni lafiya, aka samu mace.

Wankan farko ina kwance a ɗaki ina leƙe ta labule, don bai kamata a ga ina kallo ba. Inna ta cuɗa, ta gasa, ta zo haɗa hannuwa ta baya, suka ƙi haɗuwa. Ta sake gwadawa. Sai ta juyo da yarinyar ta kwantar da hannuwan a gefen jikinta, da ƙyar suka kai ƙugu. Ta buɗe tafin ta duba yatsun, gajeru, a warwatse. Goggo, ƙanwar Baba, tana tsaye da tawul tana jira.

"Mi na na?" in ji Goggo.

"Ba komi," Inna ta ce. "Ta daɗe naɗe. Za ta miƙe."

Na yarda da ita, don ban san ranar da Inna ta ce gaɓa za ta miƙe ta ƙi ba.

Ranar suna gida ya cika. Ana karɓar jaririya hannu-hannu, kowace ta buɗe zani ta leƙa, ta ce tubarkalla, ta yi saurin rufewa. Na san wannan tubarkallar, ba irin wadda ake yi wa ɗa mai kumatu ba ce. Can wajen la'asar ina zaune an caɓa mini ado, na ji wata a bayan labule tana raɗa wa 'yar'uwarta, "Wagga ai wada ta." Ɗayar ta ce mata ta yi shiru. Na ci gaba da murmushi ina amsa barka, don mai 'yar fari ba ta da ikon ɓata fuska a kan ɗiya. Zuciyata kuwa tafasa take. Da na san wadda ta faɗa, da har yau ba ma gaisawa.

Inna ma ta ji, ko an kai mata. Daga washegari wanka ya ƙaru. Da safe da yamma ake yi, ita ta ƙara na hantsi, jan ƙafa da na hannu kuma ya daɗa tsawo. Ta ce ƙashi ɗanye ne yanzu, in aka bari ya bushe shi ke nan, kuma ba za a ce a garin nan jikarta ta fari ce ta gagare ta ba. Yarinyar takan yi kuka har muryarta ta dushe. In Inna ta fita zagayen wankanta na unguwa, sai in tura ƙofa in ɗauki abata in auna hannunta da yatsuna, in ga kamar ya ƙaru, in sake aunawa in ga yana nan yadda yake.

Maigidana ne ya ce a kai ta babban asibiti a Sakkwato. Bai iya tunkarar Inna ba, sai ya bi ta wajen Baba a rumfarsa ta kasuwa, Baba ya shigo da maganar gida. Inna ta ce mai jego ba ta fita, kuma ita ba ta ga ciwo ba, yarinya tana shan nono tana barci. Baba ya ce tunda mijina ne ya nema, a bari mu je mu dawo a yinin. Na so ƙwarai ta bi mu ta ji da kunnenta. Ta ce jarirai suna jiranta, ta yafa mayafi ta fita.

Likitar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba, kuma ba ta da gaggawa. Ta auna kai, ta auna tsawo, ta sa aka ɗauki hoton ƙashi, sannan ta jawo kujera kusa da ni. Ta faɗi kalmar nan da na ji a bayan labule, sai dai ita a fili ta faɗa, tana kallon idona. Ta ce ba laifin kowa ba ne, ba wani abu ne na ci ko na ƙi ci ba, kuma yawancin masu irin wannan halitta iyayensu dogaye ne kamar mu. Hankalin yarinyar lafiya lau, za ta yi karatu, za ta yi rashin ji kamar kowane yaro. Tsawo ne ba za ta yi ba.

Na ce, "To in ana ja mata ƙahwahun kullum hwa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe wayarta ta nemo wani hoto da aka ɗauka da madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Ta ce ƙashin hannu da na ƙafa ba da ƙashi yake farawa ba, tun a ciki guringuntsi ne, irin wanda muke taunawa a kan ƙashin kaza. A hankali tsakiyarsa take zama ƙashi, amma kusa da bakinsa, sama da ƙasa, ana barin wani ɗan faifan guringuntsi, kuma daga nan tsawo yake fitowa har yaro ya gama girma. A cikin faifan akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace takan rabu biyu, su zauna gefe da gefe, sai ɗaya ta zame a hankali ta koma ƙarƙashin 'yar'uwarta. Su sake rabuwa, su sake zamewa, har su yi dogon jere ɗaya bisa ɗaya, duk suna bin tsayin ƙashin. Na ƙarshen jeren su kumbura, ƙashi ya maye gurbinsu, na sama kuma su ci gaba da rabuwa.

Na dubi hoton. Wasu 'yan abubuwa ne masu faɗi a jere layi-layi, sak jeren kwanukan da ke ɗakin Inna. Sai ta nuna mini wani hoton, na mai irin halittar 'yata. Jeren gajeru ne, wasu ma ba su jeru ba, sun cunkushe wuri ɗaya. Ta ce a jikin kowa akwai abin da ke tsawata wa ƙwayoyin nan su dakata in sun yi yawa, to na 'yata ne ya cika tsawa tun kafin a haife ta. Ba su rabuwa yadda ya kamata, ba su jeruwa yadda ya kamata. Aikin a can ciki ake yinsa, in ji ta, duk ƙarfin hannu ba ya kaiwa wurin.

Sai ta tambaye ni yadda ake yi mata wanka. Na fara ba ta labari har da ɗan alfaharina, da na zo kan ɗagawa da kai sai na ga fuskarta ta canja. Ta ɗauko hoton ƙashin ta nuna mini gindin ƙoƙon kai, inda ƙofar da laka take bi ta sauka gadon baya take. Ta ce wurin nan ma daga guringuntsi ya fito, saboda haka ƙofar 'yata ƙunci gare ta. Ga kai mai nauyi, ga wuya ba ƙarfi. Fizga ɗaya tana iya matse lakar, yarinya ta daina motsa gaɓoɓinta, ko numfashi ya tsaya. Kada a ɗaga ta da kai, kada a cilla ta, kada a juya ta kai ƙasa, ko goyo a dakata sai wuyan ya yi ƙwari. Duk mai ɗaukarta ya tallafi ƙeya da baya tare.

Ko a safiyar ranar an ɗaga ta da kai. Don in samu abin kamawa na ce ai Inna ta miƙe ƙafafun yara ba iyaka, a kawo mata su a lanƙwashe su tashi sambal. Likitar ta sassauta murya ta ce yawancin jarirai da lanƙwasar ƙafa ake haihuwarsu saboda kwanciyar ciki, kuma da kansu suke miƙewa, a ja ko kada a ja. Duk abin da ta faɗa a ranar ban ji haushinta ba sai a kan wannan. Wa ya tambaye ta? To, ni na tambaye ta, amma duk da haka.

A mota muna dawowa na rungume yarinyar a ƙirji, tafina a ƙeyarta, duk ramin da direba ya faɗa sai in ji kamar in kai masa mari. Maigidana ya ce, "Sai ki hwaɗa ma Inna a daina." Na dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da ita, shi ne yake aike na. Ya sauke mu a ƙofar gida, ya gaida Baba, ya koma Sakkwato abinsa.

Na jira sai da muka rage mu biyu a ɗakinta. Ban ce 'yata ba, "yarinyar nan" na ce. Na sauko da kwanuka daga jerenta, na ajiye biyu gefe da gefe a tabarma, na zame ɗaya na ɗora a kan ɗaya, na ƙara wani, na ƙara wani, ina yi mata bayani yadda aka yi mini. Na ce haka ƙashi yake tsawo, nata jeren ne gajere. Inna tana kallona kamar na zare.

"Ke kin gan su da idonki, kwanonin ga na cikin ƙashi?"

"Na ga hoto, Inna."

"Hoto." Ta tattara kwanukanta tana goge kowane da gefen zani, ta mayar inda suke. "To mi kika so in bari?"

Na faɗa mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ce cillawa ta bari, juyawa ta bari, tunda likita ta fi uwata sani. Amma wuya, ai shi ne ma ya fi bukatar ja. Ban ga yadda kan ya nutse ba? In ba a ja shi yanzu ba sai yaushe? Na ce wuyan ne ya fi haɗari. Ta ce ta ji. Na san wannan "ta ji" ɗin, da shi take sallamar Baba in ya ce a rage gishiri.

Maganar ƙafafun da ke miƙewa da kansu ban kawo mata ba, ban kuma yi niyyar kawowa ba. Goggo kaɗai na gaya wa, don cikina ya cika, kuma ina so ta gane ba raini ne ya sa nake ja da Inna ba. Na roƙe ta ta yi mata magana a kan wuyan, tunda su kusan sa'o'in juna ne. Goggo ta dafe ƙirji ta ce ita wa, ita ce za ta koya wa Inna wanka?

Daga nan na koma dabara. Na ce yarinyar tana mura, a taƙaita wankan. Nakan matso da tawul tun ba a gama gashi ba, in miƙa hannu kamar mai taimako, in karɓe ta kafin a kai ga wuya. Mai jegon fari tsaye a kan wankan 'yarta abin magana ne, kuma an yi maganar. Inna tana lura. Ta ɗan kwana biyu ba ta taɓa wuyan ba, har na fara sakin jiki. Ashe ita a ganinta alfarma take yi mini, kafin ruɗin asibiti ya sake ni.

Da hantsi abin ya faru. Wata dattijuwa ta zo daga Ƙwanni da jikanta, wasu maƙwabta sun shigo ɗibar wuta suka tsaya gaisawa, Goggo ma tana nan. Ni ina bayan ɗaki ina nawa wankan na jego, da ganyen dogon yaro da tafasasshen ruwa. Inna ta san lokacin da ta zaɓa. Ina cikin watsa ruwa na ji kukan 'yata, sannan na ji muryar Inna tana ce wa baƙuwar, "Duba ki gani, ta hwara miƙewa. Saura wuya."

Ban san yadda na ɗaura zani ba. Na fito jikina yana tururi, ganye manne a kafaɗata. Inna ta riga ta sa tafi ɗaya a haɓar yarinyar, ɗaya a ƙeya, jikin ya fara barin ƙwaurinta. Na zube a gaban bahon, na tura hannu ƙarƙashin yarinyar na tallafo nauyinta, ɗaya hannun na ɗora a kan na Inna da ke ƙeya. Muka tsaya a haka, yarinya tsakaninmu, duk santsin sabulu, ba mai iya ja.

"Ke," in ji Inna. "Tashi."

"Saki, Inna."

"Ba ki da kunya? Gaban mutane?"

"Ɗiyata ta," na ce. "Ni nih haihe ta. Saki."

Wata cikin maƙwabtan ta ce subhanallahi ƙasa-ƙasa. A iya sanina ba a taɓa jin wannan magana daga bakin mai 'yar fari a gidanmu ba, balle a gaban baƙuwa. Inna ta dube ni, ta zare hannuwanta a hankali, na haɓar da farko, na ƙeyar kuwa sai da ta tabbatar nawa ya zauna daram a wurin. Na jawo yarinyar jikina. Tana kuka tana harba 'yan ƙafafunta, ni kuwa duk harbin da ta yi sai in ce alhamdulillahi a zuci.

Inna ta juya ga matan, muryarta ko rawa ba ta yi. "Ku hwaɗa mata. Ɗiya nawa anka kawo man garin ga da ƙahwa lanƙwashe? Wane na bai miƙe ba?"

Amsar tana bakina, na danne ta. Goggo ce, wadda cikinta ba ya riƙe magana, ta ga kamar sulhu za ta yi. Ta ce, "Ki yi hanƙuri, Yaya, ba laihinta ba na. Likita tac ce mata wai ƙahwahun jarirai da kansu su ka miƙewa, ko an ja ko ba a ja ba."

Na runtse ido. Da na buɗe, Inna ba Goggo take kallo ba, ni take kallo, tana jira in ce ƙarya ne. Ban ce ba. Na san in na ce ƙarya ne, gobe hannunta zai koma haɓar yarinyar.

Ta miƙe ta tuntsurar da bahon, ruwan ya bi rariya. Ta ce wa dattijuwar Ƙwanni ta yi haƙuri ta kai jikanta gida ta wanke abinta, yau bayanta ke ciwo. Matar ta goya ɗan ta fita, maƙwabtan suka bi bayanta sum-sum, ba wadda ta tuna da wutar da ta zo ɗiba.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma na so ta yi. Sauran kwanakin jegon ba abin da ta rage mini. Ita ke dafa ruwan wankana, ita ke dama kunun kanwa, ita ke wanke tsummokaran yarinyar ta shanya. Yarinyar ce kawai ba ta ƙara taɓawa ba. In tana kwance a tabarma, Inna takan kewaye ta daga nesa ta wuce. Ni na koma yin wankan da hannuwana marasa gwaninta, sabulu yana shiga ido, ruwa yana hucewa kafin in gama, Inna tana can ta ba mu baya tana tsintar shinkafa. A unguwa an ce boko ya cinye mini kunya, wannan ko a jikina. Abin da ya dame ni shi ne, in aka aiko an yi haihuwa, sai Inna ta ce bayan ne har yanzu. Aiken ya yi ta raguwa.

Yarinyar tana nan da ranta da lafiyarta. Ta yi jinkirin zama, ta yi jinkirin tafiya, yanzu kuma ba ta zama wuri ɗaya, bakinta ya fi nawa kaifi. Ban yi nadamar abin da na yi a gaban bahon nan ba, ko yau aka maimaita haka zan yi. Amma in na ce abin bai bar mini ciwo ba na yi ƙarya, kuma ba ranar wankan ce ta fi ci mini rai ba, ranar da za mu koma Sakkwato ce.

An yi arba'in, an ɗaure kaya, mota tana ƙofar gida, Goggo da sauran masu rakiya sun fita da gara. Na shiga ɗakin Inna sallama, yarinyar a ƙirjina. Tana zaune a bakin gado. Na durƙusa na ce za mu tafi, ta ce Allah Ya kiyaye hanya, Allah Ya raya. Na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Ke." Ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa.

"Gwada man yadda za ni riƙa ta."

Na ɗauka ban ji daidai ba, sai na ga ta miƙo hannuwa. Na matsa na kama na daman na shimfiɗa shi a ƙeyar yarinyar, na sa na hagun a gadon bayanta, na ce kada kan ya koma baya, kada kuma ya faɗo gaba. Duk abin da na ce tana gyaɗa kai. Na sakar mata a hankali. Ta riƙe ta nesa da jikinta, hannuwan a sandare. Yarinyar ta buɗe ido ta dube ta, ta yi miƙa, kan ya ɗan motsa cikin tafinta. Sai Inna ta miƙo mini ita da sauri.

"Karɓi," ta ce. "Karɓi maza. Tsoro ni ka ji."

Na karɓa. Direba yana ta danna hon a waje. Ta cusa hannuwan cikin zani a kan cinyarta, ba ta rako mu ko bakin ƙofar ɗaki ba.